Mai Bin Layin Ladan

Obadiya Zakka ya shigo Bauchi cikin 1977, shekara guda bayan garin ya zama babban birnin jiha, a bayan wata motar masara da ta taso daga wajen Bogoro. Shekarunsa ashirin da biyu. Yana da takardar gama makarantar horon malamai, amma ba ya son tsayuwa a gaban aji. Abin da yake taƙama da shi hannunsa ne. Yana iya jan layi daga wannan gefen takarda zuwa wancan ba tare da rula ba, kuma layin ya fito a miƙe.

Hannun nan ne ya sama masa aiki a maɗaba'ar Alhaji Babayo, wani shago mai ɗaki uku a kan hanyar Wunti. A lokacin kowa a garin takarda yake nema. Sababbin ofisoshi suna son fom, 'yan kwangila suna son katin suna, masu biki suna son katin gayyata. Obadiya ne yake zana furanni da zobba a gefen katin aure, da tambarin kamfanonin da suka tsiro a makon.

Tebur ɗaya suke zama da Ladan, wanda ya girme shi da shekara uku. Ladan ɗan Ƙofar Ran ne, daga gidan malamai. Mahaifinsa yana karantar da manya a zaure tun kafin a haifi Obadiya. Aikinsa a maɗaba'ar shi ne rubutun Larabci da ajami a kan kalanda. Siriri ne, ba ya da yawan magana, kullum cikin farar riga wadda tawada ba ta taɓa ɗiga mata ba. Obadiya kuwa bai cika wata ba duk rigunansa suka yi dabbare-dabbare.

In an tsaya cin abincin rana, Ladan yakan ɗauki gutsuren takardar da injin yanka ya zubar, ya yi ta wasa da fensir yana kallon titi. In ya gama sai ya murtsuke ta ya jefa a kwando. Wata rana Obadiya ya tsinci ɗaya ya warware. Wata mata ce daga ƙauye ɗauke da damin itace, an zana ta ta baya. Layukan ba su kai ashirin ba, amma kana ganin nauyin itacen a wuyanta, kana ganin ƙafar hagu ta fi ta dama gajiya. Obadiya ya daɗe yana kallo. An koya masa zane a makaranta, ya ci jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa gaya masa ana iya yin irin wannan. Daga ranar ya shiga tsince takardun yana adanawa a aljihun tebur, bai gaya wa mai su ba.

A farkon 1978 Alhaji Babayo ya je Legas sayo kayan inji, ya dawo da tarin mujallun labari cikin zane, na Turanci. Ya zube su a kan tebur ya ce ba ya ganin dalilin da zai hana a yi irinsu da Hausa. Har ya zo da labarin a kansa: wani tsohon masinja, Tsalha, mai yawon kai saƙo ƙauyuka a kan keke, wanda duk inda ya je sai ya tsoma baki a rigimar da ba tasa ba. Ya ba Obadiya mako guda ya zana shafi biyu.

Obadiya ya zana da dukkan iyawarsa. Alhaji ya ɗaga shafukan zuwa haske, ya juya su, ya ajiye.

"Komai ya fito daidai," in ji shi. "Amma mutanen nan naka kamar an ce su tsaya a ɗauke su hoto."

Obadiya bai yi musu ba, domin shi ma ya gani. Ya jawo aljihun tebur ya fito da murtsukakkun takardun, ya shimfiɗa su a gaban Alhaji ɗaya bayan ɗaya. Ladan yana zaune a gefe, fuskarsa ta canza.

Kwana uku Alhaji yana lallashinsa. A ƙarshe Ladan ya ce zai yi, da sharaɗi ɗaya.

"Kada sunana ya fito, Alhaji. Malam, mahaifina, ba ya son zanen abu mai rai. Ban taɓa jin ya zagi mai yi ba, amma na san ra'ayinsa, kuma na san abin da za a riƙa faɗa a zaurenmu."

"To sunan wa za a sa? Dole a sa suna."

Dukkansu suka dubi Obadiya. Haka aka yi a ƙasan shafin farko na *Tsalha Mai Keke* aka rubuta: Zane, O. Zakka.

Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Ladan yana zanawa da fensir, Obadiya yana bi da tawada, domin inji ba ya ɗaukar fensir. Shi ne kuma yake ja gidajen da ke raba hotuna, ya rubuta maganar mutane a cikin 'yan da'irorin da suke kira balan-balan. Da farko yakan gyara abin da yake gani kamar kuskure ne. In layin kafaɗa bai haɗu da na hannu ba, sai ya haɗa. Ladan ya duba shafin farko da aka gama ya nuna wani wuri da farce.

"Wa ya ce ka rufe nan?"

"Layin bai haɗu ba."

"Ido zai haɗa. Ka bar wa ido aikinsa."

Obadiya ya sake shafin. Bayan haka ya koyi bin fensirin Ladan kamar mai bin sawu a ƙasa mai laushi, inda aka danna ya danna, inda aka ɗaga ya ɗaga. Daga baya yakan ce watanni goma sha ɗayan nan su ne lokacin da ya fi jin daɗin aiki a rayuwarsa, ko da yake a lokacin bai san haka ba. Abin da ya sani shi ne bayansa yana ciwo kuma Alhaji yana gaggawa.

Mujallar shafi goma sha shida ce, baƙi da fari, tana fita duk bayan wata biyu. Ta karɓu. Direbobin tasi suna ajiye ta a gaban mota, ma'aikata suna karantawa a ƙarƙashin fayil, waɗanda ba su iya boko ba suna bin labarin da ido. A fitowa ta uku akwai shafin da Tsalha yake tura kekensa da ya yi faci a fili da tsakar rana. Ladan ya bar kusan dukkan shafin fari fat, sai ɗan mutum da keke a can ƙasa da inuwarsu ƙarama a ƙarƙashinsu. Alhaji ya yi faɗa, ya ce ɓarnar takarda ce. Amma duk wanda ya buɗe shafin sai ya ɗan kanne ido, kamar ranar ta doke shi.

A fitowa ta shida abin ya tsaya. Labarin ya kai Tsalha ƙofar wani gida yana neman ruwan sha, Ladan kuwa, ko da gangan ko hannu ne ya tafi inda ya saba, ya zana zaurensu. Ga dakalin da gefensa ya gutsure, ga tsagar da ta bi bango daga indararo, ga takalman ɗalibai a jere yadda suke jera su. Wani kawun Ladan ya gani a hannun mai shayi, ya saya ya kai wa Malam.

Ranar Litinin Ladan ya zo aiki, ya zauna, bai taɓa fensir ba. Sai da aka tashi cin abinci ya yi magana.

"Malam ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce wannan Zakka bai taɓa shiga zaurenmu ba, balle ya san inda ruwa ke bi. Ya tambaye ni ko ni ne, na ce ni ne."

"Sai ya ce me?"

"Ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce Allah ya ba ni hannu. Sannan ya ce yana roƙona in bari."

"Roƙo ya yi, ba umarni ba."

"Da umarni ya yi, da ya fi mini sauƙi."

Kafin ya bar maɗaba'ar a ƙarshen watan, Ladan ya tattara ainihin zane-zanen fitowa shida ɗin, shafi casa'in da shida a kan farin kwali, ya miƙa wa Obadiya. Ya ce ba zai iya shiga da su gida ba, kuma ba zai iya ƙona su ba. Ya nemi alkawari cewa maganar za ta tsaya tsakaninsu da Alhaji. Obadiya ya yi alkawarin. Ladan ya buɗe shagon littattafan addini da turare a ƙofar gidansu.

Alhaji Babayo bai ga dalilin dakatar da abin da ke tafiya ba. Suna yana nan, mai sunan yana nan. Obadiya ya ci gaba da zana Tsalha shi kaɗai har fitowa talatin da ɗaya. Yana buɗe shafukan Ladan a gabansa yana kwaikwayo. Ya iya kwaikwayon hular Tsalha da lanƙwasar ƙafar kekensa ta gaba, amma mutanen sun koma tsayuwar hoto. Masu karatu ba su ce komai ba, wasu ma sun ce zanen ya ƙara tsabta. A kasuwa ana nuna shi ana cewa ga mai Tsalha nan. Yakan ɗaga hannu ya wuce da sauri.

Cikin waɗannan shekarun ya auri Cecilia, ma'aikaciyar jinya 'yar garinsu, suka kama haya a Ɗan Iya, suka haifi 'ya'ya huɗu. Ita kaɗai ya gaya wa gaskiyar, ita ma don ta tambaye shi abin da ya sa yake ɓata rai duk lokacin da aka yabe shi.

A tsakiyar shekarun tamanin takarda ta yi wuya, mujallar ta koma fita sau biyu a shekara, sannan ta daina. Ba a yi sanarwa ba. Labarin ƙarshe ya tsaya Tsalha yana tsakiyar rafi da keke a kafaɗa, kuma ba a taɓa fito da shi ba. Alhaji ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da injinan. Obadiya ya koma rubuta allunan shaguna da zanen kawunan aski a bangon masu aski. Da aka zo da injin da ke buga allo a kan leda cikin awa guda, wannan ma ya ƙare. Sai ya ɗauko takardar malantar da ya guje wa, ya yi shekara goma sha huɗu yana koyar da zane a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, inda darasinsa ne ake fara sokewa in ana buƙatar lokacin share fili.

Shi da Ladan ba su rabu ba, ba su kuma kusanci juna sosai ba. Da Babbar Sallah nama yana zuwa Ɗan Iya, da Kirsimeti shinkafa da cincin suna zuwa Ƙofar Ran. Lokacin da gari ya rikice a 1991, a gidan su Ladan ne Cecilia da yara da shi kansa suka yi kwana uku. A kwana ukun nan sun yi hirar komai, ban da zane.

Cikin 2016, Obadiya yana da shekara sittin da ɗaya, gwiwa ta fara ba shi wahala, idon dama kuma ya yi yana, sai wata mata ta yi sallama a gidan. Ta ce sunanta Liatu, tana koyar da zane a wata kwaleji a garin, kuma ta yi shekara biyu tana neman O. Zakka. A jakarta akwai tsofaffin mujallun Tsalha guda goma sha ɗaya da ta tsinto a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai da kuma akwatin wani kawunta.

Cecilia ta kawo mata ruwa. Obadiya ya so ya ce ba abin da ya rage, amma matarsa ta riga shi.

"Baban Dorcas, akwatin nan na ƙarƙashin gado fa? Shekara nawa ina shara ina zagaye shi."

Aka jawo akwatin ƙarfen. Gara ta ci gefen wasu shafuka, danshi ya ɓata na ƙasa, amma yawancinsu suna nan. Liatu ta wanke hannu kafin ta taɓa. Ta zauna a kan tabarma ta yi ta ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, kusan awa biyu. Ba wanda ya ce mata komai, amma Obadiya yana kallo ta ware su kashi biyu. Na Ladan a dama, nasa a hagu. Ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba.

"Baba, kada ka ji haushi," in ji ta. "Na baya suna da kyau, an yi su da kulawa. Amma waɗannan na farko wani abu ne daban. Dubi dugadugan matar nan. Dubi yadda mahaucin ya riƙe wuƙa yana sauraron gulma, ko fuskarsa ba a nuna ba amma ka san yana saurare. Ban taɓa ganin wanda ya zana mutanen garin nan haka ba. Me ya faru bayan fitowa ta shida?"

"Gajiya," in ji Obadiya.

Ta ce tana shirya nunin zane a kwalejinsu, tana son shafukan farko su zama su ne kan gaba, da sunansa da hotonsa, ya kuma zo ya yi wa ɗalibai bayani. Ya ce ta ba shi mako guda.

Bayan ta tafi Cecilia ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Malam ya rasu fiye da shekara ashirin. Wa ake ɓoye wa kuma?"

"Ba ni na sa sharaɗin ba, ba ni zan cire ba."

"To je ka wajen wanda ya sa."

Washegari da hantsi ya sa shafuka huɗu a cikin babban ambulan, ya hau keke napep zuwa Ƙofar Ran. An yi wa zauren siminti da fenti, dakalin ma an sake shi. Ladan yana zaune a kan kujerar roba, gemu ya yi fari, tabarau mai kauri a fuska. Shagon yanzu 'ya'yansa ne ke gudanarwa. Shi ne ke jan sallah a masallacin unguwa in liman ba ya nan, kuma mutane suna kawo masa rabon gado da sulhu. Suka gaisa, suka tambayi gwiwa da ido da jikoki. Sannan Obadiya ya miƙa masa ambulan.

Ladan ya zaro shafukan. Rabonsa da su shekara talatin da bakwai. Ya kai na farko kusa da fuska, ya nisanta shi, ya sake kusantowa. Ya daɗe a kan shafin tsakar rana.

"Inuwar ta yi tsawo kaɗan," in ji shi. "In rana tana tsaka, ba ta kai haka."

"Wata malama ta ce ba ta taɓa ganin irinsu ba."

"Ba ta ga da yawa ba ke nan." Ya ɗauki na gaba, ya yi ɗan murmushi. "Wannan mahaucin Ɗanlarai ne. Ya rasu a hanyar Makka. Kai, har na manta yadda yake karkata kai."

Obadiya ya gaya masa maganar nunin, da abin da Cecilia ta ce. Ya ce shi ya gaji da amsa gaisuwar da ba tasa ba, kuma yanzu ana so ya tsaya gaban ɗalibai ya bayyana yadda ya yi abin da bai yi ba.

Ladan ya mayar da shafukan cikin ambulan a hankali, ya daidaita bakinsu.

"Da Malam ya rasu, bayan sadakar arba'in, na sayi fensir," in ji shi. "Na zauna a ɗaki na ce bari in gwada. Na zana akuya. Obadiya, da ka gan ta da ka yi kuka. Hannun ya tafi. Na sake gwadawa sau biyu, na bari."

"Ba cewa aka yi ka sake zanawa ba. Suna kawai."

"Sunan wa? Wanda ya zana waɗannan yaro ne ɗan shekara ashirin da shida. Ni ban san shi sosai ba yanzu. In aka sa sunana, gobe za a zo da kyamara, a tambaye ni ko mahaifina ya zalunce ni. Wasu su ce ya yi daidai, wasu su ce ya yi kuskure, a yi ta jan mutumin da ke kabari. A masallaci kuma a yi ta kallona. Ba ni da ƙarfin wannan. Roƙona ya yi, na amsa. Ban ce ban yi baƙin ciki ba, amma ni na amsa."

"Ni kuma fa?"

Ladan ya cire tabarau ya murza ido. "Kai ka ɗauki kaya, na sani. Ka yi yadda za ka iya, amma ka bar ni a waje."

Aka kawo musu kunun gyaɗa, suka sha. Da Obadiya ya tashi tafiya, Ladan ya tambaya ko zai bar masa shafin mahaucin. Obadiya ya zaro ya ba shi. Ladan ya riƙe shi ɗan lokaci, ya dubi ƙofar cikin gida, sannan ya mayar masa.

"Bar shi cikin 'yan'uwansa," in ji shi.

Da Liatu ta dawo, Obadiya ya ce ta ɗauki shafukan duka, amma kada ta sa sunansa a matsayin wanda ya zana fitowa shida na farko.

"Ni na bi su da tawada. Wannan za ki iya rubutawa. Wanda ya zana wani ne."

Ya ga a fuskarta cewa ba ta yi mamaki sosai ba.

"Wane ne, Baba?"

"Ba zan faɗa ba."

"Yana raye?"

"Wannan ma ba zan faɗa ba."

Ta roƙe shi. Ta ce tarihi ne, ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma in ya tafi da sunan shi ke nan an rasa. Ta ce mutumin da ya yi wannan aiki ya cancanci a san shi. Obadiya ya ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ta dawo sau biyu a kan maganar, ta je ta nemi 'ya'yan Alhaji Babayo, amma su lokacin suna firamare, abin da suka tuna kawai shi ne ƙarar inji. A ƙarshe ta haƙura, ko da yake ta ɗan ja baya da shi, gaisuwarta ta zama gajera.

An yi nunin a wani zaure mai fanka biyu, ɗaya ba ta aiki. An jera shafuka arba'in a bango cikin gilashi. A ƙarƙashin na farko an rubuta: Fensir, ba a san mai zanen ba, tawada, O. Zakka. Manyan baƙin da aka gayyata sun aiko da wakilai, wakilan suka yi jawabi suka tafi. Ɗalibai suka shigo rukuni-rukuni domin an ce za a ɗauki sunan waɗanda suka zo. Yawancinsu hoton kansu suka ɗauka a gaban bangon. Amma akwai 'yan kaɗan da suka tsaya. Wata ɗaliba ta zauna a ƙasa gaban shafin mahaucin da littafinta tana kwafa, ta goge, ta sake, har aka fara kwashe kujeru.

Da aka ba Obadiya abin magana, bai yi jawabin da aka sa ran zai yi ba. Ya taka da sandarsa zuwa bango ya ce su matso. Ya nuna musu inda layin kafaɗa ya tsaya bai haɗu ba. Ya nuna musu yadda aka yi babbar riga da layi uku, da yadda aka sa akuya ta kalli wajen shafin don mai karatu ya san wani yana zuwa. Ya nuna wani wuri da shi kansa ya danna alƙalami fiye da kima ya kashe layin, ya ce har yau in ya gani yana jin kunya. Ya yi kusan minti arba'in yana magana, shi da ba ya iya minti biyar a coci. Wani malami ya tambaye shi ko tawali'u ne ya sa yake cewa ba shi ya zana ba. Ya ce a'a. Daga baya ya ji ana cewa tsufa ne ya fara taɓa shi. Bai damu ya gyara ba.

Ladan bai zo ba, Obadiya ma bai sa ran zai zo ba. Bayan nunin Liatu ta tambaya ko a mayar masa da shafukan. Ya ce ta riƙe, ɗakinta ya fi ƙarƙashin gadonsa bushewa.

Shekara biyu bayan haka Cecilia ta rasu, Obadiya ya bar gidan hayar Ɗan Iya ya koma wajen 'yarsa Dorcas a Yelwa. An yi masa aikin ido, na dama ya ɗan buɗe, na hagu ya fara rufewa. Ba ya zane. Wani lokaci jikoki sukan kawo masa aikin gida na makaranta ya ja musu layi, kuma har lokacin layin yana fita a miƙe.

Da damina ta 2019 aka bugo waya aka ce Malam Ladan ya rasu bayan gajeriyar jinya, an riga an kai shi. Dorcas ta ce ya bari sai an ɗauke ruwa, ya ce a'a. Ta tare masa keke napep. A ƙofar gidan an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, mutane sun cika har bakin kwata. Ya yi wa 'ya'yan gaisuwa, babban ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce Baba Obadiya ne, a ba shi kujera saboda gwiwa. Ya zauna a gefe yana jin ana ambaton marigayin: haƙurinsa, da rabon gadon da ya yi ba a taɓa dawowa da ƙorafi ba, da kyawun rubutunsa na Larabci.

Wani dattijo da ke kusa da shi, wanda bai san shi ba, ya juyo bayan an shafa addu'a.

"Bawan Allah, kai kuma ina ka san Malam?"

"Mun yi aiki tare, da daɗewa."

"Wane aiki?"

"A maɗaba'a. Tebur ɗaya muke zama."

Dattijon ya gyaɗa kai ya juya wajen wasu da suka iso. Obadiya ya ƙara zama kaɗan har ruwan ya tsagaita, sannan ya nemi a taimaka masa ya miƙe, ya taka zuwa bakin titi neman abin hawa.